Yatsan Malam Sale

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Ƙungiyar Manoman Rani ta fadamarmu, Haɗejiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti, ina neman afuwa da na fito da maganar nan bainar jama'a. Na zo gida, na zo ofis, na aiko da saƙo ta waya, kullum amsar ita ce a ƙara haƙuri. Ni zan iya haƙuri, ranka ya daɗe, amma tattasan da nake magana a kansa ba zai iya ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Tasi'u, wanda kuke kira Injiniya ko da yake ban taɓa karanta injiniyanci ba. Fiziks na karanta. Na yi shekaru a ɗakin bincike na jami'a, da binciken ya tsaya na tattaro kwamfutata na dawo gida. Yanzu ba ni da uban gida: ina zana na'urorin lantarki, in haɗa su, in rubuta musu manhaja, ga duk wanda ya kira ni. Ni na haɗa akwatin da ke raba ruwan rijiyar burtsatsenku mai sola.

Na ɗaya, bari in fara da kaina, don kada a ce na zo wanke hannu. Kun yi mini kukan ana cin layin ruwa, kuka ce kuna son abin da bai san sani ko sabo ba. Ni na kawo shawarar yatsa. Idan layin mutum ya zo, sai ya dangwala yatsansa, famfon gonarsa ya buɗe, na kowa ya zauna a rufe. Saboda waɗanda ba sa karatu, na sa lasifika, na naɗi muryata tana kiran sunan mai layi. Na yi lissafin zafin rana, na yi na ƙura, na yi na taɓon da ke maƙale wa manomi a hannu. Ranar da aka kunna, kaina ya kumbura har hula ta so ta ƙi shiga. Abin da bai zo mini ba ko sau ɗaya shi ne mai yatsan yana iya kwanciya ciwo, yana iya mutuwa.

Kafin akwatina, idan aka yi wa mutum rasuwa, maƙwabcinsa ne ke karkata ruwa zuwa gonarsa, wani lokaci ko faɗa masa ba ya yi. Da idona na ga mahaifina yana yin haka. Ni ɗansa na zo na toshe wannan hanya, na kira abin gyara, aka kuma yi mini tafi.

Na biyu, Malam Sale ya rasu tattasansa yana fara fure. Kowa ya san gonar, ita ce ta ƙarshe ta wajen gabas. Injin ban ruwansa na fetur tuni ya sayar, kuma ni na ce masa ya sayar, ba zai sake buƙatarsa ba. Matarsa Inna Hajara tana takaba. Maƙwabcinsa Malam Idi ya ce ya bar mata layinsa, ya dangwala yatsa, ruwa ya tafi gonar Malam Idi, domin abin da na koya wa akwatin ke nan. Yanzu da jarkoki a amalanke suke ɗebowa daga kogi, kogin kuma ya ja baya. Na je na gani: ganye ya naɗe, fure yana zuba. Wannan gonar ita ce abincin gidan na shekara, ba su da wata.

Na uku, ga naka. Ranar da na miƙa aiki na ba ka lambar sirri, na ce ka canza ta yadda ko ni ba zan iya shiga ba. Ka canza, makullin akwati kuma yana aljihunka. Da na roƙi a sa yatsan wani daga gidan marigayin, ka ce sai an raba gado an san mai gonar, sai kuma babban taro ya amince bayan an kwashe amfani. Alhaji, wane amfani za su kwashe? Na fahimci kana gudun rigimar magada, kuma ban raina wannan ba. Amma ban ruwa ba ya mai da gona ta wani. A cikin watan nan ne kuma wani mutumin Kaugama ya karɓi hayar fili, a yini ɗaya aka sa yatsansa ba tare da wani taro ba. Na sani ne domin ni aka kira na naɗi sunansa.

Da na je ta'aziyya na yi zaton za a nuna mini ɓacin rai, kuma da an nuna da na fi samun sauƙi. Sai Inna Hajara ta turo ƙanenta ya yi mini godiya, ya ce Malam kullum yana yabon aikina. Sannan ta tambaya ko za a iya kawo mata akwatin cikin gida ta gwada nata yatsan, wai ko zai gane ta tunda ita da Malam sun daɗe tare. Na sunkuyar da kai har aka shafa fatiha.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe. Ka zo da makulli da lambar, a sa yatsan Malam Idi ko na ƙanen Inna Hajara a kan layin marigayin, a gaban shaidun da ka zaɓa; aikin bai kai tsawon shan shayi ba. Ka kuma ba ni dama in sake manhajar kyauta, kowane gida ya sami yatsa na biyu, kuma mutum ya iya ba maƙwabcinsa aron layi kamar da. Idan Juma'a ta wuce ba a yi ba, zan zo da rana tsaka, a gaban kowa, in kwance abin da hannuna ya haɗa a kan famfon nan. Na san dukiyar ƙungiya ce, na san amana ce. Duk hukuncin da kuka yanke mini zan ɗauka, gidana ba ɓoyayye ba ne.

Layin Malam Sale safiyar Laraba ne. Larabar da ta wuce ina tsaye a bakin gonar lasifika ta buɗe, na ji muryata, cike da fara'a, ta ratsa fadama: "Malam Sale, layinka ne." Mutane suka daina aiki. Ta sake kira, ta jira, sannan ta wuce zuwa suna na gaba.

Allah ya jiƙan Malam Sale, ya ba ka ikon riƙe amanar jama'a, ya yafe mini nawa. Jibi Laraba ce, Alhaji. Zan sake kiransa, kuma ina roƙon a sami wanda zai amsa.

Wassalam.

Ɗanka,
Tasi'u