Lami da Mai-gishiri a bakin tagata

Litinin, 3 ga Maris

Ke mai karanta wannan, wato ni ke nan idan na nemo tabarau, cinko mini: wane baƙo ne na hana shi ɗakina tun rasuwar maigidana Malam, bai yi fushi ba, kullum da safe yana nan a tsaye yana jira?

Ki riƙe. Yau dai takwarata, 'yar babban ɗana da ke zaune wurina tana karatun jami'a, ta yaye mini labulen taga. Labulen da ubanta da gwaggonninta suka yi magiya in buɗe har suka gaji. Ita ko izini ba ta nema ba, ido duk ya kumbura. Wai fitilarsu mai kwaikwayon rana ta mutu a wurin gwaji, malaminta kuma ya ce in wata ya ƙare ba ta kawo abin nunawa ba, ta saki aikin ta kama wani. Aikin da ta rame a kansa. A gidan nan kuwa tagata ce kaɗai ke samun rana wuni guda.

Na ce to, a saka kayan gwajin a bakin tagar, amma haya zan karɓa.

Laraba, 5 ga Maris

Roba ce guda biyu, kamar tafin hannu, sirara kamar ledar shago. Ta shimfiɗa su kan teburin Malam, kowacce da 'yar fanka da wani ɗan akwati mai ƙirga wuta. Wai roba takan kama hasken ta mai da shi wutar lantarki, amma wutar sai ta ɓata a hanya kamar yaron da aka aika ya tarar ana wasa. Shi ya sa ta zuba wa ɗaya wani gari da ke karɓar wutar ya miƙa ta gaba. Na ce nuna mini garin. Ta ce ido ba ya ganinsa.

Na ce, "Takwara, ni ma ina da zinariya irin wannan, ido ba ya gani."

Ta yi dariya, ta farko a satin nan. Na raɗa musu suna: mai garin Mai-gishiri, marar garin kuma Lami.

Asabar, 8 ga Maris

Haske ya tona mini asiri. Ashe haka ƙura ta yi wa kujerar Malam.

Alhamis, 13 ga Maris

Yau na yi ɓarna. Bayan azahar rana ta karkato ta sauka daidai kan hularsa da ke rataye, har ina ganin inda zufa ta ci bakinta. Ban san lokacin da na ja labule ba. Fankokin biyu suka tsaya cak. Shirun nan, ashe da shi nake zaune tuntuni ban sani ba. Na daɗe a bakin gado kafin na tashi na buɗe.

In na kashe wa yarinyar nan aiki, ina zan sa kaina?

Juma'a, 14 ga Maris

Na kai ƙarar kaina da safe, na fara da laifin gwiwa, na bi da na tsufa. Ta duba akwatinta ta ce, "Kaka, ai gajimare ma yana yin haka, kuma shi ba ya ba da haƙuri." Sai ta kalli hular, ta kalle ni.

Numfashin da na sauke, har Lami sai da ta ji.

Talata, 18 ga Maris

Lami ta fara ja da ƙafa, sai ta juya ta huta, irin tafiyata. Mai-gishiri kuwa kamar an biyo ta. Maƙwabciyata ta leƙo ta tarar ina yi mata kirari, ta tambaya ko lafiya. Na ce tsere nake kallo, ta samu wuri.

Na wanke hular. Don ƙura ne kawai.

Alhamis, 27 ga Maris

An gyara fitilarsu, ta kwashe robobinta ta kai aka auna. Na wuni ina kai da kawowa tsakanin ƙofa da kujera. Da la'asar ta shigo ba sallama, ta faɗa jikina har ta kusa karya ni. Mai-gishiri ta fi Lami ba da wuta, ta kuma fi ta jimiri. Malamin ya ce ta ci gaba. Ta ce da sauran aiki mai yawa, kada in fara shela.

Na riga na gaya wa maƙwabciya, da mai shago, da ubanta.

Na tuna mata hayata. Ta ce me nake so? Na ce a bar mini Lami, mu tsofaffi mun fi fahimtar juna.

Asabar, 29 ga Maris

Takwara ta ce yanzu ina iya sakin labulena. Na ce hannuna ke ciwo, sai wani lokaci. Kuma Lami ba ta juyawa a duhu, ba zan zalunci baiwar Allah ba.

Baƙon nan, rana ce. Yanzu haka tana kan ƙafafuna.