Yadi Shida a Hannun Direba

Litinin, 7 ga Agusta

Matata Malliga ta ce ba za ta je bikin ba. Bikin Yalini, 'yar da ba mu da wata bayanta. Bango take kallo da ta faɗa, da wannan muryar mai jan kalma da ta zame mata tun da ɓarin jikinta na hagu ya shanye.

"Ji mana," ta ce (har yau ba ta kama sunana), "a rigar barci zan tsaya gaban dangin ango?"

Na ce in ɗaura sari ne matsalar, dogon zanen nan na matanmu, ai akwai ɗinkakke, ana zura shi kamar siket. Ta ce ita da ta ɗaura wa rabin amaren unguwarmu ta Buntong sari, ita ce za a zura wa buhu? Na ce to yayata Akka ta zo ta ɗaura miki. Ta yi tsaki. Ita da yayata tun farkon aurenmu da haƙora suke gaisawa.

Na fita, na dawo, na sake fita. Ban san me nake nema a waje ba.

Laraba, 9 ga Agusta

Yalini ta bugo daga Singafo tsakanin aiki, ina jin ƙarar asibiti a bayanta. "Appa, ka lallashe ta. In Amma, uwar da ta haife ni, ba ta zo ba, wa zai miƙa hannuna tare da kai?" Na ce kar ki damu. Ni da ban taɓa cin Malliga a gardama ba.

Alhamis, 10 ga Agusta

Na je gidan Akka. Sai da na shanye shayi, na yi zancen ruwan sama, na yi zancen gwiwarta, sannan na ce ta koya min ɗaurin sari.

Ta yi dariya har da riƙe ƙofa. "Tambi, ƙanena! Kai? Da waɗannan hannuwan kamar faranti?" Na ce na shekara nawa ina ɗaure tamfol a kan lodin siminti daga Ipoh zuwa Pinang, iska ba ta taɓa ɗage min ko kusurwa ba. Ta ce, "Matarka ba siminti ba ce."

Duk da haka ta koya min. A jikina. Ta ɗaura min igiya a ƙugu a madadin zaren fatari, ta ce soke nan, zagaya, kawo gaba, yanzu tattara. Tattarar nan ita ce masifa. Babban yatsa da manuni, kai da komowa, kowane ninki daidai da ɗan'uwansa. Nawa suka fito kamar an tauna. Yadi shida, ashe haka yake da tsawo.

Ta ba ni tsohon sarinta na auduga in tafi da shi. Na naɗe shi a jarida kamar na sayo kifi.

Asabar, 12 ga Agusta

Ɗakin baya, ƙofa a rufe. Ya zube. Ya sake zubewa.

Lahadi, 13 ga Agusta

Na manta labule. Ina tsaye gaban madubi, gefen sarin a kafaɗa, sai na ji tari. Fung ne maƙwabci, yana wankin kwandunan tsiron wakensa a bayan katanga.

"Sinnaya," ya ce, "wa ya yi sa'ar wannan amarya mai gashin baki?"

Na ce ya kula da wakensa. Da yamma ya aiko min da kwalin fil, wai na marigayiya matarsa ne. Amma na san gobe duk shagon shayi sun ji.

Talata, 15 ga Agusta

Sun ji. Ban zauna ba, a tsaye na sha.

Tattara ta fara kama kanta. Ina yi da tawul, da jarida, har da labulen falo in ba kowa. Yatsuna na motsi ina cin abinci. Malliga ta tambaya ko ni ma abin ya fara taɓa ni.

Juma'a, 18 ga Agusta

Yau na gwada a jikinta, kuma da ma ban gwada ba.

Na shigo da sarin, na ce ki tashi. Ta dube shi, ta gane na Akka ne, ta gane komai. Ba ta ce a'a ba. Ta kama ƙarfen taga da hannun dama ta miƙe.

Abin da ban lissafa ba: a jikina na koya. A jikin wani komai juyewa yake, hagu ya koma dama. Na zagaya ta baibai, na kwance, na sake. Ƙafarta ta fara rawa. Ina sauri, ina gumi, tana cewa "ba haka ba," ina cewa ki bari mana. Na kai gefen kafaɗa, na soka fil.

Sai na ga jini yana fitowa ta 'yar rigar. Kaɗan, kamar ƙwayar barkono. Har fata na haɗa na maƙale. Ita kuwa tana ta kallon taga, tana jira in gama.

Na tsaya da hannuna a sama. Na yi tunanin in cire a hankali in yi shiru. Na kasa. Na ce, Malliga, na soke ki.

"A ina?"

Na nuna mata. Ta juya kai ta daɗe tana kallon wurin. Ta ce, "Ban ji ba." Sannan ta ce, "Cire min wannan abin." Ta kwanta ta juya baya, ba ta ci na rana ba.

Na wanke rigar. Na share tsakar gida. Na wanke babur ɗin da ba datti a jikinsa.

Lahadi, 20 ga Agusta

Ba magana. Tosai, wainar da muke karyawa da ita, na ƙone, ta ci haka nan, ko tsaki babu. Gara tsakin.

Litinin, 21 ga Agusta

Akka ta zo da rasam, romon tsamiya, a kula. A kicin muka tsaya, amma Akka ba ta iya ƙasa da murya ba, ko a gidan makoki.

"Tambi, a daina wahalar da ita. In ba za ta iya ba, ni zan tsaya kusa da kai in miƙa yarinyar. Ai ni ma uwa ce. Na ma fito da koren silikina."

Na ce za a duba. Me zan ce? Ba da mugunta ta faɗa ba, ina jin. Ko da ɗan kaɗan.

Ƙofar ɗakin Malliga a buɗe take.

Talata, 22 ga Agusta

Da safe ina haɗa shayi na ji sandarta tana bugun ƙasa. Na same ta zaune bakin gado, ta riga ta jawo akwatin kayanta da ƙugiyar sandar.

"Koren siliki," ta ce. "Da wannan fatar tata? Sai ka ce ayaba a ganye. Ɗauko mai ruwan goro, na ƙasa."

Na ce ba za mu fara da na auduga ba? Ta ce wanda zai tuƙa babbar mota ba ya koyo a keke.

Yau ita ce malama. Ta ce in daina tsayawa a gabanta kamar mai awon gawa, in koma bayanta in zuro hannu ta gaba, yadda hannuna zai zama kamar nata. Haka kuwa aka yi, hagu ya koma hagu. Tattara kuma a zaune muka yi: ni ina ninkawa, ita tana danne kan da hannun dama, tana gyara bakin da ɗan yatsa. Sai an gama duka sannan ta miƙe, in soke, in daidaita ƙasa. Tsayuwar ba ta da yawa.

"Wa ya koya maka soke shi a nan? Ƙasa da cibiya, ba a ƙirji ba. Yayarka har yau kamar labule take ɗaurawa."

Siliki santsi gare shi kamar tarwaɗa. Sau biyu ya kuɓuce. Ta zage ni da zagin da rabon da in ji tun kafin asibiti, kalmomin suka fito tas, ba ja ko kaɗan.

Wajen fil na sa yatsana a ƙarƙashin rigar, tsakaninta da fata. In za a soki wani, a soki mai ji.

Alhamis, 24 ga Agusta

Safe da yamma. Bayana ciwo. Na gano in na bar gefen a sake ya sauko daga kafaɗa, yana rufe hannun hagun gaba ɗaya, ba mai cewa akwai wani abu. Na ji daɗin dabarar. Ban gaya mata dalili ba.

Asabar, 26 ga Agusta

Gida ya cika. Yalini ta iso, lalle har gwiwar hannu. Ta ce mai kwalliyar amarya za ta iya haɗawa da Amma gobe, ba wuya. Malliga ta ce, "Ina da mai ɗaura min." Yalini ta ce wa? Uwar ta nuna ni da haɓa. Yarinyar ta yi dariya, ta ga ba wanda ya taya ta, sai ta shige banɗaki ta daɗe.

Na kasa zama wuri ɗaya. Na goge farin zanena, na goge rigar, na sake duba fil.

Lahadi, 27 ga Agusta

An yi.

Da sassafe muka rufe ƙofa. Tattarar farko ta lalace, ta ce "numfasa, ba kai za a aurar ba." Ta biyu ta zauna. Da na zo kafaɗa na saki gefen ya rufe hannun, sai ta ce a'a.

"Ninke shi ka maƙale a sama, yadda na saba."

Na ce hannun zai fito.

"Na sani. Da shi na goya ta. Su kalla."

Na ninke. Na maƙale. Na sa mata fure a gashi, wannan ba a koya min ba, ya karkace, ta bar shi.

A gidan bauta ta bar kekenta na marasa lafiya a bakin ƙofa, ta shiga da sanda, ni a hagunta. An kalla ɗin kuwa. Da lokacin miƙa amarya ya yi, ta ɗauko hannun hagun da na dama ta ɗora a kan nawa, muka sa hannun Yalini a na angonta Arul. Ganga da algaita suka tashi, ya ɗaura mata tali, zaren aure, a wuya, shinkafa ta ko'ina. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, ƙugun Malliga nake kallo, ina jiran abin ya zube a gaban jama'a. Bai motsa ba.

Wajen cin abinci Akka ta zo cikin korenta, ta sunkuya ta kama tattarar ta duba kamar mai sayen kaya. Ta ce, "Ta ukun ta fi sauran faɗi." Malliga ta ce, "Wanda ya fara koya masa ne bai iya ba." Suka zauna kusa da juna suka ci daga ganyen ayaba.

Talata, 29 ga Agusta

Baƙi sun watse. Gida kamar an yi sata. Na mayar wa Akka sarinta. Yatsuna ba su san an gama ba.

Juma'a, 1 ga Satumba

Na shirya zan fita shan shayi, har na sa takalmi. Na leƙa in ce na tafi, na same ta bakin gado da wani shuɗi na auduga a cinya. Na ce ina za mu? Ta ce ba ko'ina.

Na cire takalmin. Da ma shayin shagon nan ya fara yawan sukari.

Tana can zaune a baranda yanzu tana gyaran wake da hannu ɗaya, tana gaya wa Fung ta kan katanga cewa tsironsa ya yi tsada. Akwai mai ruwan toka a akwatin da ban taɓa lura da shi ba. Yana son guga. Ba wai na ce gobe ba, amma tunda dutsen gugar yana waje.