Shafukan da Mama Ta Naɗe Ƙosai da Su

Zuwa ga Yayata Bilkisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. A makaranta an koya mana cewa bayan gaisuwa sai a tambayi lafiya. Na daɗe riƙe da biro a wannan wurin, daga baya na tsallake.

Ni ce Safiya. Maman Rifkatu ce ta ce in rubuta, tunda bakina ba ya iya faɗa. Ta ce za ta sa a shafinki na waya, inda ƙawayenki har yanzu suke zuwa yi miki addu'a. Ina jin kunyarsu, amma na ce to. Duk wanda ya karanta ya yi haƙuri da rubutuna, bana na shiga aji ɗaya na sakandare.

Dalilin rubuto miki wannan wasiƙa shi ne in gaya miki na ɓatar da ƙarshen littafinki.

Kin tuna yadda ya shigo gidanmu. Mama ta sayo ɗaurin takardun naɗe ƙosai a kasuwa, tsofaffin jaridu da takardun jarrabawa, kina kwance a tabarma ƙasusuwanki sun tashi da ciwon sikila. Kika ce a miƙo miki ko me ne ne ki karanta, don ki manta. A tsakiyar ɗaurin kika tsinci littafin, ba bango, zarensa ya tsinke, shafi-shafi. Kwana biyu kina jera su bisa lamba. Kika ɗaure da roba, kika samo masa gwangwanin biskit.

Ke kika gaya mana wani tsohon marubucin Ingila ne ya rubuta shi, wanda ya mutu tun kafin a haifi kakan kakanmu, kuma wannan taƙaitacce ne da aka sauƙaƙa wa 'yan makaranta. Sunansa ya ƙi zama a bakin matan gidanmu, sai Iya Asabe ta ɗakin ƙofa ta raɗa masa Tsoho. Yarinyar cikin labarin ma, mai wankin kayan mutane a garin nan mai hayaƙi da sanyi, wadda take jiran wanta da ya shiga jirgin ruwa, Talatu suka mayar da ita. Har yau a gidan hayar nan, in wani ya daɗe bai dawo daga aike ba, sai a ce ya bi wan Talatu.

Duk Asabar bayan la'asar kina zama a tsakar gida, ki karanta da Turanci layi uku ko huɗu, ki juya da Hausa. Mama tana surfen wake, Iya Asabe tana tsifar kai, Maman Rifkatu ta dawo daga darasin Asabar a makarantar da take koyarwa ko takalmi ba ta cire ba. Ni ina bayanki, ina ɓuya a inuwarki. In an zo wurin ban tausayi Iya Asabe sai ta ce, "Ashe Bature ma yana kwana da yunwa? Wannan Tsoho ya taɓa zama a gidan haya, na rantse."

Daga sauraro kika ja su zuwa rubutu. Kina cewa duk mai son ci gaban labari sai ta rubuta baƙi biyar a allon da kika yi da murfin tsohon kwali. Haka Iya Asabe ta koyi rubuta sunanta, da furfurarta. Mama ce kaɗai ta ƙi. Kullum amsarta ɗaya: "Ni da boko a tsufa? Wake bai taɓa tambayata takarda ba."

Kina da doka. Ba wanda zai leƙa gaba. Ke kin karanta shi sau uku, kin san ko wan Talatu ya dawo, amma ko da aka haɗa ki da Allah murmushi kawai kike yi. Kina cewa, "Ba a buɗe tukunya ana ɗanɗane, sai an sauke."

Damina ta ɗauke ki, saura kashi ɗaya cikin uku na littafin. A asibiti, ranar da kika ɗan samu sauƙi har muka ɗauka za a sallame ki, kika kama yatsana kika ce, "Safiya, ki kai su ƙarshe." Na ce to. Kin san ni, to ɗin ce ta fi mini sauƙi a kan komai.

Yaya, na yi ƙoƙari. Bayan arba'in na ɗauko gwangwanin. Ranar farko muryata ba ta kai bakin rijiya ba, Iya Asabe ta ce in daina yi wa ƙirjina karatu. Abin da ya cece ni fensirinki ne. Duk kalma mai wuya kin rubuta ma'anarta da Hausa a gefen shafi, da ƙananan baƙaƙenki masu karkata. Ina bi kamar mai taka duwatsu a rafi. Kuma na riƙe dokarki, ban taɓa leƙa gaba ba.

Amma na gaji. Da asuba ni ce kai markaɗe, ni ce jan ruwa, ni ce miƙa wa masu saye kafin in tafi makaranta, aikin da da mu biyu muke rabawa ko da ke kina zaune ne. A aji barci nake yi da ido buɗe. Ranar Asabar ɗin da abin ya faru, na gama karatu kaina yana sarawa. Na mayar da shafukan da muka gama cikin gwangwani. Waɗanda suka rage, ban san yadda aka yi ba, na aje su a kan kwandon takardun Mama, na ce zan dawo in ɗauka. Ban dawo ba.

Kin san yadda Mama take da takarda. In ta kwance sabon ɗauri sai ta bi ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta ga rubutun Arabiyya a jiki, ko layi ɗaya ne, sai ta ware ta da hannun dama, ta ɗora a saman kabad, don kada sunan Allah ya sha mai ya faɗa kwata. Shekara da shekaru ba ta taɓa kuskure ba. Amma boko a wurinta duk ɗaya ne. Jarida, takardar asibiti, littafinki, duk abin shanye mai ne.

Lahadi da safe layi ya yi tsawo a injin markaɗe. Da na dawo da ƙullu na biyu, na hango wani mai keke yana tsaye yana cin ƙosai, a hannunsa akwai takarda mai launin ƙasa-ƙasa. Tun daga nesa na gane fensirinki a gefe.

Wannan ne abin da na fi jin kunyar faɗa. Taku biyar ne tsakanina da shi. Da na ce, Malam don Allah ba ni takardar, da ya ba ni. Na tsaya da bokiti a ka, bakina ya ƙi buɗuwa. Ina kallo ya cinye, ya goge yatsunsa, ya dunƙule ta ya jefa a kwata. An yi ruwa da asuba, kwatar tana gudu.

A kwando shafi biyu suka rage, su ma ba na ƙarshe ba. Sauran sun watsu cikin unguwarmu Abakpa, wasu wataƙila sun kai Unguwar Sarki a aljihun 'yan makarantar Islamiyya. Ban gaya wa Mama ba. Tana ta murna ranar an yi ciniki.

Asabar ta gaba na ce kaina ke ciwo. Ta bayanta na ce an ba mu aikin gida. Ta uku ba ni da sauran abin faɗa, sai na ɗauko wani tsohon shafi na riƙe a gaban fuskata, na ƙirƙiro. Na ce jirgi ya iso, wan Talatu ya sauko da akwatuna, ya cire ta daga wanki, mai gidan da ke zaluntar ta ya zo ya durƙusa ya nemi gafara, kowa ya ji daɗi.

Iya Asabe ta aje matsefi ta dube ni, ta ce, "'Yar nan, wannan ba Tsoho ba ne. Tsohon da na sani bai taɓa sakin mutum da arha haka ba. Sai ya wanke ka ya matse ka ya shanya, sannan ya ba ka ruwa. Wannan ƙarshen na Abakpa ne."

Yaya, matar da ba ta san Turanci ko ɗaya ba, ta gane muryar mutumin da ya mutu a wata ƙasa tun kafin a kafa unguwarmu. Ni kuwa na sa kuka a gabansu, na faɗi komai.

Mama ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi da ya fi. Ta daina surfe, ta juya tafin hannunta tana kallo. Can ta ce, "Da hannun nan na naɗe rubutun 'yata na miƙa wa mutane." Ta tashi ta shiga ɗaki. Washegari ba ta hura wuta ba, karo na farko tun bayan zaman makokinki.

Maman Rifkatu ta san sunan Tsoho da sunan littafin. Ta bincika a makarantarsu, cikin wasu tsofaffin littattafai da aka jibge za a zubar, ta samo shi, aka ce ta ɗauka. Da ta miƙo mini sai da hannuna ya yi ƙasa. Ba irin naki ba ne. Wannan cikakken ne, kauri kamar bulo, rubutu ƙanana kamar tururuwa, jimla ɗaya takan ci rabin shafi. Kuma gefensa fari fat. Babu hannunki a ciki ko'ina.

Ta ga fuskata, ta ce in ana so ita za ta karanta babin ƙarshe ta gaya mana a zama ɗaya, kowa ya huta. Wallahi na so hakan. Na so a sauke mini. Ina shirin cewa to, Mama ta yi magana daga bakin ƙofa, ta ce, "A'a, Maman Rifkatu. Ba ke aka bar wa ba. Kuma ba a buɗe tukunya." Sannan ta zo ta zauna a tabarma, a gurbin da kike zama, ta jawo allon kwali gabanta, ta ce mini, "Fara da ni daga farko. Ba zan ƙara naɗe abin da ban san me ya ce ba."

Wata biyu ke nan. Koyar da Mama ba sauƙi. Tana fara rubutu daga dama, in na gyara ta ce ita ta haife ni. Iya Asabe tana yi mata gori, wai ita babbar 'yar aji ce. Da safe kuma yanzu duk takardar da za ta naɗe sai ta ɗaga ta duba, bakinta yana motsi, masu saye suna ta ƙorafi. Wani ya ce, "Hajiya, ƙosai muka zo saye ko labarai?" Ta ce in yana sauri ya kawo kwanonsa.

Ni kuma ina fama da bulo. Na nemo inda naki ya tsaya, ashe har yanzu da nisa sosai, Tsoho yana da surutu, abubuwa da yawa an yanke a naki. Shafi ɗaya yana cin mini yamma guda, da ƙamus ɗin Maman Rifkatu a cinya. Wani lokaci na duba kalma, ma'anar ma sai na sake duba ta. Ranar Asabar abin da nake kawo musu bai fi cikin cokali ba. Ban san yaushe za mu kai ba, ko bana ko baɗi. Iya Asabe ta ce in yi sauri, ita ba ta da alƙawari da baɗi. Dariya aka yi, ni ban yi ba.

Na sayi fensir. Duk kalmar da na sha wuyarta ina rubuta Hausarta a gefe, kamar yadda kike yi. Rubutuna bai kai naki kyau ba.

Jiya bayan la'asar na tarar da Mama ta buɗe gwangwaninki. Na ɗauka takardar naɗi take nema. Ashe shafin farko ta ɗauko, ta ɗora yatsa a ƙarƙashin kalmar farko da kika rubuta a gefe. Ban taimaka mata ba. Ta daɗe tana ja, tana komawa, tana ja. Sai ta ce, "Wanki." Ta dube ni, na gyaɗa kai. Ta fashe da dariya ta ce, "Ji yarinyar nan! Ita da ko ɗankwalinta sai na yi da gaske take wankewa." Ta yi ta dariya har ta koma wani abu, ta rufe fuska da mayafi. Shafin dai ba ta sake shi ba. Da ta natsu, ta tashi ta ɗauki gwangwanin duka da hannun dama, ta ɗora a saman kabad.

Ki yafe mini shafukan, Yaya. Ki yafe mini taku biyar ɗin nan. Har yanzu ban san ko wan Talatu ya dawo ba, ke kin sani, kuma na san ko a mafarki ba za ki faɗa ba. A gajiye nake, amma ranar Asabar zan shimfiɗa tabarma.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Duk baƙin da Mama da Iya Asabe suka karanta, Allah Ya kai miki ladansa. Ya ba ni murya, Ya ba Iya Asabe tsawon rai har mu sauke tukunyar nan. Amin.

Ƙanwarki mai ɓuya a bayanki,
Safiya