Rasuwar Mai Kwance Tarko na Lubuk Sarai

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Masu Sintirin Dajin Lubuk Sarai ta Sumatra ta Yamma ta samu labarin rasuwar ubanta kuma jagoranta, Haji Syafruddin Datuak Bandaro Kayo, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata da hantsi, yana da shekara saba'in da huɗu.

Ba za mu ɓoye abin da shi bai taɓa ɓoyewa ba. Tarkon waya da ya ɗana wa aladun daji masu ɓarnar shinkafa, yana matashi, shi ya datse ƙafar wata damisa mai goyo, a ƙasar da ko sunan damisa ba ma kamawa, sai dai mu ce Kaka. Tun ranar bai sake ɗana tarko ba, ya shafe shekara arba'in yana kwance na wasu.

Da manya suka so a riƙa binne wayoyin tarkon da aka kwance a gaban 'yan jarida, marigayi Datuak ya ƙi. Miƙe su yake yi, ya saƙa wa mutane shingen garken awaki. Yakan ce, "Wanda Kaka ta ɗauke wa akuya ba wa'azi yake so ba, garke yake so. In ba ku ba shi ba, guba zai sayo." Mun sha faɗansa, don in ya ga ɗauri sako-sako sai ya warware a gabanka, ya ce ko kaza ba zai tsare ba. Yau faɗan muke kewa.

Ajali ya riske shi yana saƙa wa Mak Rosnidar garke, bazawarar da ta rasa awaki biyu a watan jiya. Gefe ɗaya ya rage, maƙwabtanta sun fara zancen guba, damisar da ta ɗauke awakin kuwa tana da 'ya'ya biyu.

Muna roƙon Allah Ya gafarta masa, Ya bai wa uwargidansa, Hajiya Nurbaiti, da 'ya'yansa da dukan danginsa haƙurin jure wannan babban rashi. Iyalin sun roƙi kada kowa ya aiko da allon furannin ta'aziyya. Bayan addu'ar bakwai za mu wuce gidan Mak Rosnidar mu ƙarasa garken, kowa ya zo da filayarsa.

Yusrizal Sutan Mudo
Kakakin Ƙungiya