Abin da Na Sa wa Ngatirah

Litinin, 8 ga Mayu

Ngatirah ta sake zuwa ɗakin shan magani, karo na uku ke nan. Ta kawo min ayaba da soyayyen tempe, wainar waken soya, a ganye. Tun da zazzaɓi ya ɗauke mata ɗanta bara take neman wani cikin, shiru. "Bu Wartini, uwata, ke ce ungozomata, ki duba ni da kyau. Ko mahaifar ce ta lalace?" Na ce ta ƙara haƙuri. Haƙuri fa! Ni da na san komai.

Bari in rubuta ko sau ɗaya ne. Shekara biyu da suka wuce ta kwana biyu tana naƙuda. Mijinta Sukirno ya tsorata, ya ce a hutar da ita haka nan. Na miƙa masa takarda ya sa hannu, ni kuma na sa mata robar hana ɗaukar ciki a mahaifa. Idonta biyu, tana kallon jaririnta. Ban tambaye ta ba. Haka muke yi a nan, miji ya sa hannu an gama magana. Ya ce zai gaya mata. Bai gaya ba, ni ma ban bi sawu ba.

Laraba, 10 ga Mayu

Ban iya cin ayabar nan ba. Na ba maƙwabta.

Alhamis, 11 ga Mayu

Na gan ta a kasuwa wajen mai jiƙon gargajiya, ta toshe hanci tana kwankwaɗar abu mai ɗaci. Mai jiƙon har da tsokana: "Mbak, 'yar'uwa, wannan kofi na nawa ne? In kika samu 'yan uku kada ki zo min kuka!" Ngatirah ta yi dariya. Wai har zobenta ta sayar saboda wani mai tausa a bayan dutse. Na bi ta layin masu kifi na gudu, kamar wata ɓarauniya.

Asabar, 13 ga Mayu

Sukirno ya zo a babur, ko hular kwano bai cire ba. Ya ce: "Bu, ki kira ta ki ce dubawa za ki yi, ki cire abin nan shiru yadda kika sa. Kowa ya huta."

Na ce masa Mas, ɗan'uwa, ba ka da kunya? Ya ce, "Ni na sa mata da hannuna?"

Ya gama da ni. Kuma wallahi dabarar ta kwanta min. Minti biyar. Ta samu cikinta, ta zo da ayaba tana sa min albarka, babu wanda zai taɓa ji. Na ce ya turo ta Talata.

Talata, 16 ga Mayu

Ta zo, ta hau gado da kanta. Na sa safar hannu, na jera kayan aiki. Sai ta ce, "Ke kaɗai na yarda da ke, Bu." Hannuna ya ƙi.

Na ce ta tashi zaune. Na gaya mata duka, da takardar da komai. Ban ɗora wa Sukirno kaɗai ba, ko da yake na so.

Ba ta yi kuka ba, gara ma a ce ta yi. Ta daɗe tana gyara ɗankwali. "Shekara guda ina zagin jikina a kan sallaya."

Na ce yanzun nan zan cire, ba zafi.

"A'a. Kada ki taɓa ni." Ta sauko ta sa takalmi. "Ranar da na ga dama, a wurin wanda na ga dama."

Juma'a, 2 ga Yuni

Yau an kawo wata mai naƙuda, mijin ya miƙo hannu zai karɓi takarda. Na ce ya jira a waje, matarsa tana da baki. Ba wani abu ba ne, ɗakin ne ya yi zafi.

Ngatirah ta je asibitin gunduma an cire mata, ita da yayarta suka tafi. Mai jiƙo ce ta gaya min. Jiya mun haɗu a ƙofar masallaci, na gaishe ta. Ta amsa da ladabi, irin amsar da ake yi wa baƙuwa. In Allah ya ba ta cikin, ba ni zan karɓi haihuwar ba. Na sani, kuma daidai ne.