Ɗan Tsakon da Ka Bar wa Inna

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Allah Ya kai haske makwancinka. Na san babu mai kai maka wannan takarda, ba kuma za ka karanta ta ba, amma in ba kai ba ban ga wanda zan gaya wa abin da ya faru yau ya gane ni ba.

Garinmu Gafasa lafiya lau. Gero ya fitar da kai, rufin ɗakin Inna da ka yi ta cewa za ka gyara na gyara shi kafin ruwa ya sauka. Ita kanta Inna ce babu daɗi. Tun rasuwarka mantuwa ta kama ta, wani lokaci ta dube ni kamar baƙon da ya shigo ba sallama.

Ka tuna 'yar kwamfutar aljihun nan da aka ba ka tun kana aiki a asibitin Toranke? Kowa ya koma wayar shafa, kai kana nan da abarka da ɗan tsinkenta na rubutu, muna yi maka dariya muna cewa kakar wayoyi. Har jakar fata ka sa baduku ya ɗinka mata a Gaya. Da hawan jini ya taɓa hannun Inna na hagu, ka kai ta Kano aka zuba mata wata manhaja mai ɗan kiɗa, safe da la'asar sai ta yi kuka. Ka ce wa Inna duk sanda ta ji, kai ne kake cewa ta sha magani. Ita kuma ta raɗa mata suna ɗan tsako.

To Yaya, yanzu Inna ba ta karɓar magani a hannun kowa. In na miƙa mata sai ta datse baki ta juya wa bango fuska. Sai ɗan tsakon ya yi kuka, ta lalubi maɓallin ta danna da kanta, sannan ta buɗe baki. Likita ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye, in ta riƙa tsallake maganin nan shanyewar za ta dawo, kuma wannan karon ba a hannu za ta tsaya ba.

Abu ɗaya ka koya mini, canjin batir. Ka ce in cire in mayar da sauri, domin in wuta ta ɗauke mata na ɗan lokaci, duk abin da aka zuba mata ya tafi. Amma me ya sa ba ka nuna mini yadda ake mayar da kiɗan ba? Ka ɗauka kana nan har abada? Na buɗe akwatinka na tarar da mazauninta da igiyarsa ta jonawa da babbar kwamfuta, da faifan da ya zo tare da ita duk ya ƙarce. Na zaga shagunan kwamfuta na Gaya kaf, babu wadda take da ramin da bakin igiyar nan zai shiga. Tsinken ma ya ɓata, na feƙe wani da icen aduwa, sai dai rubutun da take ganewa naka ne, ni ko alif ba ta karɓa daga hannuna.

Na yi dabara, na ɗauki kukan a wayata na kunna wa Inna. Ta saurara, ta taɓe baki, ta ce wannan ba shi ba ne.

Da damina ta yi nisa batir ya yi ruwa a ciki, ɗan sifirin da yake riƙe shi ya yi tsatsa. Na ɗaure da roba, ina kallon rubutun gilashin yana dushewa yana dawowa. Yau na ga in na ƙara jira a hannun Inna za ta mutu. Ana gama maganin safe na hau babur zuwa Gaya, na riƙe ta a ƙirji saboda gargadar hanya.

Mai gyaran waya da ya gan ta dariya ya fara, da na ba shi labari ya daina. Ya ce sai an liƙe sifirin da dalma, zai jona mata wasu batira ta waje da siraran wayoyi don kada wuta ta yanke. Ni na riƙe wayoyin, ko numfashin kirki ba na yi. Bai yi ganganci ba Yaya, a kan idona ya yi. Ƙarfensa mai zafi yana taɓa wurin, gindin sifirin ya ruguje gaba ɗaya kamar busasshen ganye. Wayar da na danna a kansa ta rasa abin taɓawa, gilashin ya yi fari fat. Kafin ya haɗa wani sifirin, lokaci ya wuce. Ta kunnu dai, amma sabuwa fil, ba ta san ka ba, ba ta san Inna ba. Muka bi kukanta na asali ɗaya bayan ɗaya, babu naka a ciki.

Na kamo hanya hadari yana haɗuwa, la'asar tana matsowa. Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Na daɗe ina jin haushin abar nan. Ni ne a gida, ni ke noma, ni ke ɗaga Inna in kwantar, amma maganar roba take ji, ba tawa ba. Yau kuwa a kan babur addu'a nake Allah Ya sa ta yi kuka ko sau ɗaya.

Na tarar da Inna a kan tabarma ta buɗe tafin hannu tana jira. Hadiza matata tana tsaye da kofin ruwa, ta dubi fuskata ta gane. Na sa wa Inna abarta a hannu. Ta kara a kunne. Aka yi kiran salla, aka idar, tana nan a haka. Ta girgiza ta, ta sake karawa. Me zan ce mata? In ce ka sake mutuwa?

Ban san sanda na fara yin kiɗan da bakina ba, ƙasa-ƙasa, kunya kamar ta kashe ni. Ashe na haddace shi. Inna ta tsaya cak. Ta lalubi maɓallin ta danna, ni kuma na tsayar da kiɗan. Sai ta juyo ta ƙura mini ido.

Ka san kai ɗan fari ne, tunda ta haife ka ba ta taɓa kama sunanka ba, daga wancan sai mai asibiti. Yau ta faɗe shi, Yaya. Ta ce Habibu, ta tambaya yaushe na dawo. Sunan da ka yi rayuwarka ba ka ji daga bakinta ba, ni na ji shi, kuma ni take kallo. Na amsa. Ta buɗe baki na sa mata ƙwayar, ta haɗiye.

Ban sani ba ko gobe da safe za ta yarda. Ban sani ba ko ƙarya nake yi wa mahaifiyata, ina ma tsoron in tambayi malam ya ce in bari. Ka yafe mini, na ɗauki abin da yake naka. In ta sake kira, zan sake amsawa.

Sai mun iso, Yaya. Allah Ya jiƙan ka, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.

Ƙaninka Sani,
wanda Inna ta daina nema.