Dawata a Bangon Aji, Ɗana a Gidan Ustaz

Zuwa ga Mudirin makarantar sakandaren maza ta unguwarmu, Gadarif.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya kai da iyali da malamanka. Ni ne mahaifin Idrisu na ajin ƙarshe. Na zo ofishinka aka ce kana taro, na dawo aka ce ka fita, shi ya sa na rubuta a fili kowa ya karanta.

Ya Mudir, ko ba ka san fuskata ba ka ga motocina suna wucewa da buhunan dawa. Ina aji biyu na sakandare mahaifina ya rasu, na fita na zama yaron direban tarakta a Gadambaliya, ina zuba mai ina goge inji. Yau gonar da nake nomawa tawa ce, ba gado ba, ba kyautar kowa ba. Ƙarata a kan malamin ilimin halittu ce, Ustaz Babikir.

Na ɗaya. A farkon zangon nan ya aiko Idrisu ya karɓi dawa iri biyu a wurina, kara da zangarniya: doguwar da kakanmu ya riƙe irinta tun da ya yada zango a nan kan hanyar Makka, da gajeriyar da nake shukawa yanzu. Na bayar da murna, na zaci noma za a koya wa yara. Ashe kafe su ya yi a bango ya ce ga taɗawwur, wai halitta tana sauyawa da kanta daga wannan zuwa wancan. Daga dawata ya wuce kan tsuntsaye, daga tsuntsaye sai ga biri. Da kanta? Ni na bi gona damina bayan damina ina zaɓar gajerun da injin girbi zai iya yanka, ina ware irinsu. Allah ya halitta, ni na zaɓa. A darasin nan ba a ambaci Allah ba, ni ma ba a ambace ni ba.

Na biyu. Ban ce a rufe ɗakin gwaji ba, mai tarakta ba ya gaba da kimiyya. Amma Ustaz ya ce wa yara batun halittar Annabi Adam na malamin addini ne, su kai can. To yaro ya ga wannan da kwalabe da madubin ƙara girma, wancan da alli kawai, wanne zai ɗauka shi ne na gaske?

Na uku, shi ne ya fi ci mini rai. Ni da Babikir benci ɗaya muka zauna, kuma a lissafi ban taɓa zuwa bayansa ba. Shi ubansa yana raye, ya wuce jami'a a Khartum. Wannan rabonsa ne. Amma Idrisu ba rabonsa ba ne. Yaron nan a da ko hadari ya gani ni yake tambaya ko zai zubar. Yanzu in na yi magana a kan ƙudujin da ke cin dawa, sai ya ce bari ya ji ta bakin Ustaz. Ran Juma'a daga masallaci gidan Ustaz yake wucewa, suna jera ƙwari a kwali. Ranar Talata kuwa ya faɗa mini a gaban mahaifiyarsa cewa ba zai bi ni girbin bana ba, Ustaz zai yi musu darasin hutu, kuma abin da Ustaz ya karanta shi zai karanta. Shi kaɗai ne namiji a 'ya'yana. Wa na share wa dajin nan?

Har a kasuwar amfanin gona an fara tsokanata. Da yake injin girbi hassada ake ce masa da Larabci, wani abokina ya ce wai Alhaji ya ƙaro hassada ta biyu, wadda ba ta shan mai. Aka yi ta dariya. Su kira shi abin da suka ga dama, ba ɗansu ba ne.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A faɗi halittar Allah a ɗakin da ake faɗin taɗawwur, ba a wani ɗaki ba. A sauke dawata daga bango, ko a rubuta sunan wanda ya zaɓe ta a ƙasa. Na ƙarshe, wallahi da ƙyar nake rubuta shi: riɗi ya kusa fashewa a gonata ta Fashaga, ka sa Babikir ya kira Idrisu ya ce masa ya bi ubansa girbi. In ni na faɗa ba zai je ba. In shi ya faɗa, zai riga ni shiga mota.

Allah ya taimake ka a kan amanar da ke wuyanka, ya bar maka 'ya'yanka suna jin maganarka.

Wassalam.

Alhaji Haruna, manomi, mahaifin Idrisu.